Allura, ƙarin ruwa da ƙarin jini: abin da bincike ya nuna a kan yaro mai maleriya mai tsanani

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, ɗakin gaggawa na yara a manyan asibitocinmu, daga Kano har Maraɗi, cika yake yi da yara masu kama ɗaya: shekara biyu ko uku, jiki zafi zau, an yi jijjiga a gida ko a hanya, tafin hannu fari fat, numfashi da ƙyar. Cikin awa ɗaya ta farko, wanda ke bakin aiki zai yanke hukunci uku: wace allura za a yi, ruwa nawa za a ɗaura, sannan a sa jini ko a jira. Kowanne daga cikin ukun an yi masa babban bincike a nan Afirka, a kan yara irin namu, kuma sakamakon ya rushe wasu abubuwan da aka daɗe ana koyarwa a makarantun likitanci da na jinya. Amfani da irin wannan hujja a gefen gado yana buƙatar fiye da haddace sunan bincike. Sai an san su wa aka gwada, su wa aka cire, me aka ƙirga, sannan a dubi yaron da ke kwance a ga ko yana cikinsu.

Kwinin ne aka daɗe ana amfani da shi a kan maleriya mai tsanani tun kafin a haifi kakanninmu, kuma yana aiki. A shekarar 2005 aka fitar da sakamakon binciken SEAQUAMAT, wanda ya kwatanta kwinin da wata allurar maleriya mai suna artesunet, aka kuma yi shi a Bangaladash, Indiya, Indunusiya da Myanmar a kan marasa lafiya 1,461. Cikin waɗanda aka ba kwinin kashi 22 cikin 100 suka rasu, cikin waɗanda aka ba artesunet kashi 15. Bambanci ne babba, amma ba a sauya tsarin yaran Afirka nan take ba, kuma a ganina an yi daidai. Galibin mutanen wancan bincike manya ne, mutanen Asiya ne, kuma cutar tana kama babba ta ƙoda da hanta, yayin da yaronmu take kama shi ta ƙarancin jini da jijjiga da faɗuwar sukari, ta kuma kashe shi da wuri, sau da yawa cikin kwanan farko. Akwai dalilin tambaya ko maganin zai samu lokacin nuna fifikonsa. Saboda haka aka sake gwajin a kan yara.

Shi ne AQUAMAT, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2010: yara 5,425 'yan ƙasa da shekara 15, a cibiyoyi 11 cikin ƙasashe tara, har da Ilori a Najeriya. Ƙuri'a ce ta raba su gida biyu, likita ba shi da zaɓin wanda zai samu wane magani. Wannan ƙuri'a ita ce ƙashin bayan binciken, domin da an bar wa likita, da zai riƙa ba yaron da ya fi galabaita maganin da ya fi yarda da shi, sai lissafin ya rikice. Cikin 'yan kwinin kashi 10.9 suka rasu, cikin 'yan artesunet kashi 8.5.

Ana iya faɗar wannan sakamako ta hanya biyu, kuma dukansu gaskiya ne. Za a iya cewa mutuwa ta ragu da kashi 22.5 cikin 100, wato idan an auna ragin da adadin masu mutuwa a da. Za a kuma iya cewa ta ragu da yara 2.4 a kowane ɗari. Na biyun shi ya fi amfani ga mai aiki a asibiti, domin daga shi ake gane cewa kusan kowane yara 41 da aka ba artesunet maimakon kwinin, an tsirar da ran ɗaya. Duk wanda ya zo maka da takardar tallar magani mai ɗauke da adadi irin na farko kaɗai, tambaye shi na biyun. Ragin rabi a kan cutar da ke kashe mutum biyu cikin dubu, ragin mutum ɗaya ne cikin dubu. A nan kuwa, asibitin da ke kwantar da yara dubu a damina ɗaya yana maganar rai fiye da ashirin. Dalilin fifikon ma sananne ne: artesunet yana kashe ƙwayar cutar tun tana ƙarama tana yawo a cikin jini, kafin ta girma ta maƙale a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Kwinin sai ta girma yake kama ta, ga shi yana sa jiki ya zubo insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, sukari ya faɗi, ga wahalar ɗaura shi awa huɗu, sau uku a rana. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da artesunet zaɓi na farko ga yara.

Inda wannan riba take zubewa shi ne tsakanin kwalba da jijiya. Ma'aunin artesunet shi ne miligiram 2.4 a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo. Wannan ƙarin bai fito daga gwajin ƙuri'a ba. Ya fito ne daga auna yawan maganin a jinin yara, inda aka ga ƙananan suna samun ƙasa da abin da manya ke samu a ma'auni ɗaya, kuma hukumar ta shigar da shi cikin jagorarta ta 2015. Hujja ce mai rauni a kan ta AQUAMAT, amma tana da ma'ana kuma ba a ga cutarwa ba, don haka a bi ta. Abin da ba shi da uzuri shi ne ƙiyasta nauyi da ido alhali ga sikeli a bakin ƙofa.

Ɗauki yaro mai kilo 12. Yana buƙatar miligiram 36. Kwalbar miligiram 60 tana zuwa da ƙaramar kwalbar ruwan bayikabonet mil 1. Shi ake fara zubawa a kan garin, a girgiza har ya narke ya yi garau, wanda kan ɗauki minti ɗaya ko biyu. Idan ya ƙi washewa, a zubar a ɗauki wata. Bayan nan ake ƙara mil 5 na ruwan salin, wato ruwan gishiri na ƙarin ruwa, ko ruwan sukari mai kashi 5, ya zama mil 6, kowane mil ɗauke da miligiram 10. Yaron zai samu mil 3.6, a tura shi a hankali kai tsaye ta jijiya. Idan jijiya ta gagara, mil 2 kawai ake ƙarawa, ya zama miligiram 20 a kowane mil, a yi masa mil 1.8 a gaban cinya. Ana yin ta da zuwansa, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, daga nan sau ɗaya a rana har ya iya haɗiya. Kurakuran da ake yawan gani su ne zuba salin kafin bayikabonet, wanda ke hana garin narkewa, da zuba maganin cikin ledar ƙarin ruwa ya yi ta ɗiga, da ajiye ragowar kwalba don allurar dare alhali bayan awa ɗaya da haɗawa ƙarfinsa ya fara lalacewa. Mafi muni shi ne a yi allura uku, yaro ya farfaɗo ya nemi nono, a sallame shi haka nan. Allurar ba ta gama kashe ƙwayar cutar. Dole a bi ta da cikakken maganin haɗiya na haɗin artemisinin, wato dangin artesunet haɗe da wani maganin maleriya, na kwana uku, kamar yadda aka yi wa yaran binciken. Wanda ya tsallake wannan, ba maganin da aka gwada ya bayar ba.

Kafin a bar batun allura: a duba sukari da zuwan yaro, musamman wanda ba ya cikin hayyacinsa. Idan ya faɗi, ko babu abin aunawa, a ba da mil 5 a kowane kilo na ruwan sukari mai kashi 10. Ga mai kilo 12, mil 60 ke nan, kuma idan mai kashi 50 kawai ke akwai, mil 12 nasa da mil 48 na ruwan allura sun ba da abin da ake so.

Batun ƙarin ruwa ya fi na allura nauyi, domin a nan bincike ya ce mu daina abin da muke yi da kyakkyawar niyya. Koyarwar da aka ɗauko daga asibitocin Turai da Amurka ita ce yaro mai zazzaɓi da ƙafafu suka yi sanyi, bugun jini ya yi sauri, a buɗe masa ruwa da gudu, mil 20 a kowane kilo, a maimaita idan bai gyaru ba. Hankali ya yarda da haka: jini ba ya isa gaɓoɓi, to a cika jijiyoyi. Amma ba a taɓa gwada shi da ƙuri'a a kan wanda ba a ba ba. Masu binciken FEAST, ƙarƙashin jagorancin Kathryn Maitland, sun fara aikin ne da tsammanin za su tabbatar da amfaninsa. Sun ɗauki yara 3,141 a asibitoci shida na Yuganda, Kenya da Tanzaniya, asibitocin da ba su da injin taimakon numfashi, kamar yawancin namu. Kashi 57 cikin 100 na yaran suna da maleriya, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma himoglobin ɗinsu, wato ma'aunin ƙarfin jini, bai kai 5 ba. An raba su uku: masu samun salin da gudu, masu samun albumin (ruwan furotin na jini) da gudu, da masu samun ruwan yau da kullum kawai a hankali, wato daidai bukatar jiki ta yini. A Janairun 2011 kwamitin sa ido ya tsayar da binciken. Cikin awa 48, kashi 10.5 na 'yan salin da kashi 10.6 na 'yan albumin sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 7.3. Kusan kowane yara 30 da aka ba ruwa da gudu, an yi asarar ɗaya da ba don haka ba da ya rayu.

Abin da ya kamata ya tsaya wa kowane ma'aikacin lafiya a rai shi ne wannan: a awa ta farko, yaran da aka ba ruwan sun fi nuna alamar sauƙi. Ƙafafu sun yi ɗumi, bugun jini ya cika. Likitocin da ke tsaye a kansu sun ga haka da idonsu, kuma sun yi imani yana aiki. Mutuwar ta zo ne daga baya, a warwatse, ɗaya a wannan mako, ɗaya a wancan, cikin yaran da ko da ma ana tsoron rasa su. Babu likitan da zai iya gano bambancin kashi uku cikin ɗari da ƙwarewarsa, ko da ya shekara talatin yana aiki. Ba a kuma gama sanin hanyar da ruwan ke kashewa ba. Da aka sake bin bayanan a 2013, an ga yawancin ƙarin mutuwar ta durƙushewar zuciya da zagayawar jini ce, ba ta cikar huhu da ruwa ba kamar yadda aka zata. Rashin sanin dalili bai rage ƙarfin ƙirgen gawa ba.

An taɓa ganin irin wannan a Kilifi ta Kenya, a binciken da ya fito a 2000. An yi wa yara masu maleriyar ƙwaƙwalwa allurar fenobabiton, maganin jijjiga, sau ɗaya, miligiram 20 a kowane kilo, don rigakafin jijjiga. Jijjiga ta ragu sosai. Mutuwa kuma ta tashi daga kashi 8 zuwa 18, saboda tsayawar numfashi, musamman ga waɗanda aka riga aka ba diyazefam, wani maganin jijjigar, sau da yawa. Da jijjiga kaɗai aka ƙirga, da yau muna yi wa kowane yaro wannan allura. Don haka idan takarda ta ce magani ya gyara wata lamba ko wata alama, a nemi shafin da ya faɗi nawa suka koma gida da rai.

To amma FEAST ba ta ce a hana kowane yaro ruwa ba, kuma a nan ne karatun rabi ke kisa. An cire masu gudawa da amai daga binciken, an cire masu tamowa mai tsanani, da masu ƙuna, da masu zubar jini ta rauni. Yaron da gudawa ta tsotse, ido ya faɗa, fatar ciki idan an ja ba ta komawa, yana nan a kan tsarinsa na mil 100 a kowane kilo na ruwan Ringa, wani nau'in ƙarin ruwa ta jijiya: ɗan ƙasa da shekara ɗaya mil 30 a awa ɗaya sannan mil 70 a awa biyar, wanda ya haura shekara mil 30 a rabin awa sannan mil 70 a awa biyu da rabi. Ruwa ya rasa, ruwa zai cece shi. A lokacin damina da kwalara da maleriya ke zuwa tare, tambayar uwa ko yaron ya yi gudawa, sau nawa, tun yaushe, ita ce ke raba hanyoyin biyu.

Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta tsara batun ruwa da gudu haka. Alamu uku ake dubawa: sanyin hannu da ƙafa, farcen da aka danna ya wuce daƙiƙa uku bai dawo da launinsa ba, da bugun jini mai sauri mara ƙarfi. Mai ɗaya ko biyu daga ciki ba a buɗe masa ruwa, sai na yau da kullum. Mai duka ukun ana ba shi mil 10 zuwa 20 a kowane kilo cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ana tsaye a kansa. Ya kamata a sani cewa wannan rukuni na ƙarshe hujjarsa siririya ce, domin yara 65 kacal ne irinsu a cikin FEAST, kuma ko a cikinsu ba a ga alamar amfani ba. Ni dai a irin wannan yaro, idan yana da maleriya kuma ya yi fari, hankalina ya fi karkata ga neman jini da gaggawa.

Ruwan yau da kullum na mai kilo 12 bai wuce mil 44 a awa ba. Da igiyar yara mai ɗigo 60 a mil, ɗigo 44 ke nan a minti. Da igiyar manya mai ɗigo 20, kusan ɗigo 15. Ledar mil 500 da aka rataya wa wannan yaro da igiyar manya ba tare da an ƙirga ɗigo ba, aka tafi duba wani gado, tana iya ƙarewa cikin awa ɗaya, kuma ya samu ninki biyu na abin da ya kashe yara a FEAST ba tare da kowa ya rubuta shi a fayil ba. A rubuta adadin ɗigo a jikin ledar, a ja layi inda ruwan ya kamata ya kai bayan awa huɗu. Iyaye kuma suna bukatar bayani, domin a wurin mutanenmu ƙarin ruwa shi ne shaidar an kula da mara lafiya, kuma kaka na iya miƙa hannu ta buɗe maƙunnin da kanta idan ta ga yana ɗiga a hankali. Jimla biyu sun isa: "Mama, ruwan nan da gangan muka rage masa gudu, zuciyarsa ba za ta ɗauki mai yawa ba yanzu. Don Allah kada a taɓa, in kin ga ya tsaya ki kira mu."

Jini kuma ƙa'idarsa ta daɗe: himoglobin 4 ko ƙasa, wato PCV 12 (kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini), a sa jini. Tsakanin 4 da 6, a sa idan akwai wahalar numfashi, gushewar hayyaci ko alamar gazawar zuciya. Mil 20 a kowane kilo na cikakken jini, ko mil 10 na wanda aka tace, cikin awa uku zuwa huɗu. Binciken TRACT na Yuganda da Malawi, wanda ya fito a 2019, ya gwada rukunin tsakiyar: yara masu 4 zuwa 6 da ba su da wata alamar tsanani. An sa wa rabi jini nan take, rabi an jira. Mutuwa a kwana 28 ba ta kai kashi 2 ba a kowane ɓangare, kuma ba a iya nuna bambanci ba. Ga bankin jinin da leda biyu ce ta rage a cikinsa, wannan labari ne mai daɗi. Sai dai a karanta sharaɗin. Yaran da aka jira ana sake auna jininsu akai-akai a kwana biyun farko, kuma kusan rabinsu daga baya sai da aka sa musu. Masu sikila da aka sani ba sa cikin wannan rukuni. Asibitin da ɗakin gwajinsa ke rufewa da la'asar, ko inda sai uba ya fita neman mai ba da jini a gari, ba zai iya yin jiran da aka gwada ba. A can, fara neman jini tun PCV yana 15 shi ne aiki da hujjar yadda ya kamata.

TRACT ta kuma kwatanta jini mil 20 da mil 30 a kowane kilo. A jimlace babu bambanci, amma da aka raba yaran, mil 30 ya rage mutuwa ga waɗanda ba su da zazzaɓi, ya ƙara ta ga waɗanda zafin jikinsu ya haura 37.5. Sakamakon ƙaramin rukuni irin wannan abin taka-tsantsan ne, domin idan aka yanka bayanai gida ashirin, ɗaya zai fito da abin mamaki bisa sa'a kawai. Wannan dai an tsara duba shi tun kafin a fara, kuma bambancin yana da girma. Ga yaron maleriya mai zafin jiki, abin da ya koyar mai sauƙi ne: a tsaya a mil 20.

Labarin artesunet na matsawa ta dubura ya nuna wata fuskar. Gwajin ƙuri'a na 2009 a Gana, Tanzaniya da Bangaladash ya nuna yana rage mutuwa da naƙasa ga ƙananan yaran da ke nesa, waɗanda ba su isa asibiti cikin awa shida ba. Da aka bi yadda ake amfani da shi a zahiri a Adamawa, Yuganda da Kwango, a binciken CARAMAL, ba a ga wannan ribar ba, har hukumar ta nemi a dakata da faɗaɗa shi a 2022. CARAMAL ba na ƙuri'a ba ne, kuma bitar da aka yi daga baya ta ce tsarinsa bai isa a ɗora wa maganin laifi ba. Abin da ya fito fili shi ne yara da yawa ba su ƙarasa asibiti ba, ko sun je ba su samu cikakken magani ba. Miligiram 10 a kowane kilo ga ɗan ƙasa da shekara shida sayen lokaci ne kawai, kuma ma'aikacin ƙauyen da ya ba da shi bai gama aikinsa ba sai ya ga an hau abin hawa.

Ranar sallama ma tana da nata hujjar. Wasu daga cikin waɗanda aka yi wa allurar artesunet, musamman masu ƙwayar cuta da yawa a jini, jininsu kan sake faɗuwa tsakanin mako ɗaya zuwa uku bayan sun warke, saboda jajayen ƙwayoyin da saifa ta cire wa cutar ta mayar ba sa daɗewa. A rubuta wa uwa ranar dawowa a katinta, kwana 7 da kwana 14, a duba PCV, a kuma gaya mata ta dawo nan take idan fitsari ya yi baƙi ko ido ya yi ɗorawa. Yaron da aka kwantar da ƙarancin jini mai tsanani yana cikin haɗari watanni bayan sallama. Binciken Kenya da Yuganda na 2020 ya ba irin waɗannan yara cikakken maganin maleriya na kwana uku a mako na 2, na 6 da na 10 bayan fita, kuma mutuwa ko sake kwanciya ta ragu da kusan kashi 70 a tsawon lokacin da suke shan maganin. Hukumar ta amince da wannan tsari a 2022 ga yankunan da maleriya ke da yawa. Inda aka fara aiki da shi, a haɗa ranakun uku a kan katin sallama ɗaya da na duba jini, a kuma karɓi lambar wayar da za a kira idan ba a ga yaron ba.